Bugun ƙasa a Ikeja: hannun matuƙi da idon maigida

Mutanen Agege sun daina ɗaga kai idan jirgi ya wuce. Titunan sauka na filin jirgin Murtala Muhammed biyu ne, dukansu a miƙe daga arewa zuwa kudu, kuma a mafi yawan kwanakin shekara ta arewa ake shigo musu, domin iskar Legas daga teku take tasowa, jirgi kuwa iska yake fuskanta in zai sauka. Shi ya sa kusan duk jirgin da ya nufo Ikeja sai ya ratsa ta saman Iju da Agege, tayoyi a waje, yana gangarowa. Daga nan zuwa inda taya za ta taɓa kwalta bai fi minti ɗaya zuwa biyu ba. Saukar da za ta lalace, a wannan ɗan tsakanin take nuna alama, tun fasinja bai gama gyara zama ba.

A harabar filin, ta ɓangaren da jiragen masu hannu da shuni ke tsayawa, akwai majalisar da ba ta rasa sharhi a kan wannan batu: direbobi masu jiran iyayen gidansu, 'yan canji masu kai-komo, da yaran alhazai masu riƙon jaka, waɗanda wasunsu sun hau ƙaramin jirgi har sun daina lissafi. Hukuncinsu gajere ne. Kyaftin wane hannunsa da laushi, ba ka sanin an sauka sai ka ji birki. Kyaftin wane kuwa jiya ya maka su da ƙasa har shayin Hajiya ya zube. Na farko gwani, na biyu ɗan koyo. Ana ɗaukar wannan hira raha ce kawai, amma a ganina tana cikin abubuwan da ke haifar da ɓarnar da bugun ƙasa ke yi wa jirage wajen sauka.

Da farko sai an raba abu biyu. Akwai saukar da fasinja zai ji a ƙugunsa amma jirgi bai san an yi ba, akwai kuma wadda ta wuce abin da aka ƙera jirgin ya ɗauka. Ta farkon sau da yawa da gangan ake yin ta. Idan ruwan Yuni ya kwanta a kan titi, matuƙin da ya san aikinsa ba ya lallaɓa jirgi, dasa shi yake yi, don taya ta keta ruwan ta kama kwalta, birki ya samu abin riƙewa. Wanda ya tsaya neman tafi a irin wannan rana zai cinye rabin titi yana shawagi, ƙarshe ya zarce cikin ciyawa. Ta biyun ce maganarmu. Ƙa'idar ƙera manyan jirage ta ce ƙafafunsu su jure taɓa ƙasa da gangarowar mita 3 a daƙiƙa, muddin jirgin bai wuce nauyin da aka yarda ya sauka da shi ba. Ƙanana masu farfela kuwa tsakanin mita 2 da 3 aka daɗe ana auna nasu. Sauka ta yau da kullum galibi ba ta wuce sulusin wannan. Mita 3 a daƙiƙa ba wani gudu ba ne a ido, shi ne saurin da abu ke kaiwa in ya faɗo daga tsayin rabin mita. Sai dai ƙarfin bugu ya fi sauri saurin ƙaruwa: in gangarowa ta ninka biyu, abin da ƙafafun za su shanye ya ninka huɗu.

A Legas idan aka ce jirgin wani attajiri, yawanci jet ake nufi, irin su Hawker, Challenger da Learjet, sai King Air mai farfela biyu, sai jirage masu saukar ungulu. Ƙananan nan masu kujera huɗu a makarantun koyon tuƙin jirgi aka fi ganinsu, musamman kwalejin Zariya da aka kafa a 1964 da ta Ilori. Amma duk matuƙin jet a kan irinsu ya koyi sauka, kuma halin da ya ɗauka a can da shi yake tsufa. Saboda haka da Cessna 172 zan yi misali, jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi, wanda ya fara fita kasuwa a 1956.

Jirgi yana zama a sama ne muddin iska tana ratsa fikafikansa da isasshen gudu. Cessna 172 na shigowa titi da gudun kilomita 120 a awa ko kusa da haka, a kan gangara ta digiri 3. In gudun ya faɗi ƙasa da kilomita 90, fiffike ya saki, jirgi ya zama ƙarfe mai nauyin tan guda. Duk fasahar sauka a tsakanin waɗannan lambobi biyu take. Idan saura mita 3 zuwa 6 a taɓa ƙasa, matuƙi yakan janye totur, ya riƙa jawo sitiyari baya kaɗan-kaɗan, hanci ya ɗago, gangarowa ta ragu, gudu ya riƙa tsiyayewa, har ya zamana lokacin da fiffike zai saki ya yi daidai da lokacin da manyan tayoyin baya suka iso kwalta. Wanda ya taɓa kallon ɗan dako a kasuwar Mile 12 yana sauke kwandon tumatur daga kansa ya ga irin wannan lissafi. In ya tsaya cak da kwandon a ƙirji da sauran nisa, hannu zai gaji ya saki. In bai rage saurin ba har ƙasa, na gindin kwandon sun fashe. Gwani yana sassautowa ne ta yadda ƙarfinsa da tazarar za su ƙare tare.

Kurakuran biyu na fili ke nan. Wanda ya ɗaga hanci da wuri zai tsinci kansa a rataye mita biyu ko uku sama da titi, gudu yana ƙarewa, ƙararrawar gargaɗi tana kuka, sai jirgi ya faɗo tim. Wanda ya makara kuwa da duk saurin gangarowarsa zai shiga kwalta. A jet akwai ƙarin tarko guda: injinsa ba ya amsawa nan take. In an janye totur gaba ɗaya sannan aka ga jirgi yana nutsewa, ana iya ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ƙarfi ya dawo, ƙasa kuwa ba ta jira.

Amma kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi wayo, shi ne na yawan gudu. Kowa tsoron sakin fiffike yake yi, don haka kowa yakan ɗan ƙara wani abu a kan gudun da littafi ya ce, wai don kariya. Sauri ya haifi nawa. Idan jirgi ya kusanci ƙasa da abin da bai kai tsawon fikafikansa ba, jan bayan da iska ke yi masa yakan ragu, sai ya riƙa sululu ya ƙi zama. Ƙarin kashi 10 cikin 100 a gudu yana ƙara kusan kashi 20 a tsawon titin da ake bukata.

Ga yadda abin yake daga kujerar matuƙi. Titi yana ta wucewa ta ƙarƙashinka, manyan fararen alamomin da ya kamata ka taɓa a kansu sun shige baya, jirgi ya ƙi zama. Hannu, ba tare da ya yi shawara da kai ba, sai ya ɗan tura sitiyari gaba. Tayar hanci ce ta fara taɓawa, ita kuwa ba don haka aka yi ta ba, aikinta juya jirgi a ƙasa. Ta buga ta dawo, hanci ya yi sama, fiffike ya sake kamo iska tunda gudun yana nan, jirgi ya tashi. Yanzu sama kawai kake gani ta gilashi. Ka sake turawa. Ashe jirgin ya riga ya fara dawowa da kansa, sai turinka ya haɗu da faɗuwarsa, bugu na biyu ya fi na farko. Ka ja baya, a makare. Kowane gyara yana zuwa bayan lokacinsa ya wuce, kowane tsalle yana fin na bayansa muni, gudu kuma yana ƙarewa. A karo na uku ko na huɗu ƙafar gaba ta lanƙwashe, farfela ta sari kwalta, inji ya ɗauke. Maganin kuwa an koya wa kowane ɗalibi tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai: da tsallen farko ya yi tsanani, a ba inji wuta gaba ɗaya, a daidaita hanci, a tashi a sake zagayowa.

Kada a ce wannan ciwon ƙananan jirage ne kaɗai. A ranar 23 ga Maris 2009 wani katafaren jirgin kaya na FedEx ƙirar MD-11 ya yi irin wannan tsalle-tsalle a filin Narita na Japan, fiffike ya karye, ya kife ya kama wuta, matuƙansa biyu suka rasu. Bambancin ƙaramin jirgi shi ne gudunsa kaɗan ne, don haka yawanci ana fita da rai. A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa a duniya, rahoton shekara-shekara na ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta AOPA ya daɗe yana nuna abu guda: haɗarin sauka shi ne ya fi kowane yawa a cikin waɗanda matuƙi ya jawo, amma da wuya ya kashe. Ƙarfe da aljihu yake ci.

Me ya sa mutumin da ya sauka sau dubu zai kasa gane tsayinsa a rana ta dubu da ɗaya? Domin a mitocin ƙarshe ido ne ke aiki. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kimar tasa daga sabo take, kuma ana iya yaudararsa. Matuƙin da ya saba da siririn titi, ran da ya shigo babban titin Ikeja mai tsawon mita 3,900, mai faɗin da ya dace da manyan jiragen ƙetare, gefunan titin za su cika masa ido tun yana sama, sai ya zaci ya iso, ya ɗaga hanci da sauran tazara. Wanda ya saba da Ikeja kuma ya je ƙaramin fili a wata jiha, siririn titin zai sa ya ji kamar yana can sama, sai ya shigo ƙasa-ƙasa ya makara wajen ɗagawa. Ruwan sama a kan gilashi yana sa mutum ya ji ya fi tsayinsa na gaskiya. Hazon hunturu, wanda yakan sauko har Legas a Disamba da Janairu, yana nesanta titi a ido. Da dare, a filin da daji ya kewaye babu fitilar gari, ido ba shi da abin kwatantawa, mutum yakan nutse bai sani ba. Saboda wannan ne ake dasa fitilu huɗu a jere a gefen titi. In biyu fari biyu ja, kana kan hanya. In ja ya yi yawa, ka yi ƙasa. In fari ya yi yawa, ka yi sama. Fitilun ba sa ƙarya, amma sai an kalle su an kuma yarda da su.

Legas tana da nata ƙarin matsi. Filin cike yake, ƙaramin jirgi yakan samu kansa a layi tsakanin manya. Boeing 737 na shigowa da gudun kilomita 260 a awa ko kusa, King Air kuwa bai kai haka ba, Cessna ko rabi ba ta yi. Sai ma'aikacin hasumiya ya roƙi ƙaramin da ya riƙe gudu don kada na bayansa ya cim masa. Roƙo ne halal, kuma matuƙi yana da damar cewa ba zai iya ba, amma kaɗan ne ke faɗa, sai su zo bakin titi da gudun da ba su da lokacin zubarwa. Na gaba ma matsala ne. Kowane babban jirgi yana barin guguwa biyu daga bakin fikafikansa, ba a ganinsu, suna murɗawa suna gangarowa a hankali. Dokar ƙasa da ƙasa ta ce a raba ƙaramin jirgi da babba mai nauyi da mil 6 na teku, wato kimanin kilomita 11, ko minti 3 inda ake aiki da agogo. Wanda ya bar tazarar ta matse, ko ya bi ta ƙarƙashin hanyar da babban ya bi, guguwar na iya karkatar da shi ko ta danna shi ƙasa a daidai lokacin da ba shi da sararin gyarawa.

Sauran dalilan a gurguje. Kaya in sun yi yawa ko sun taru a gaba, hanci yakan yi nauyin ɗagawa. Man da aka cika a Legas don gajeriyar tafiya na iya sa a isa da nauyin da ya wuce na sauka. Wanda ya saba da Ikeja, da ke kusan daidai da teku, ya kai maigida Jos mai tsayin sama da ƙafa 4,000, allon gabansa zai nuna masa gudun da ya saba gani alhali jirgin ya fi haka sauri a kan ƙasa, da kusan kashi 2 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000, kuma gangarowarsa ma ta fi sauri.

Duk waɗannan sanannu ne, kuma an daɗe da yi musu magani guda. Tun ran gini ran zane. Ƙa'idar da kamfanonin jirage suka runguma ta ce idan jirgi ya sauko ƙafa 1,000 sama da fili a cikin gajimare, ko ƙafa 500 in gari a washe yake, dole komai ya zauna: yana kan layin titi, yana kan gangarar da ta dace, gudunsa daidai, tayoyi a waje, inji da wuta, gangarowa ba ta wuce ƙafa 1,000 a minti ba. In ɗaya ya saɓa, babu muhawara, a fasa sauka a sake zagayowa. Minti goma ko sha biyar ne da ɗan mai. To amma wani bincike da gidauniyar Flight Safety Foundation ta fitar a 2017 ya gano cewa a cikin shigowa 100 da ba su zauna ba, kusan 3 kacal ake fasawa. Sauran 97 ana kutsawa ne da fatan a gyara a hanya. Mafi yawansu kuwa ana gyarawar, a sauka lafiya, kuma wannan ne ke koya wa matuƙi cewa ƙa'idar ta masu tsoro ce.

Wannan fa a manyan kamfanoni ke nan, inda fasinja baƙo ne, ƙofar matuƙa a kulle take, kuma akwai takardar da ta ce ba za a tuhumi kowa don ya fasa sauka ba. A jirgin mutum guda lissafin daban ne. Fasinjan shi ne mai jirgin, shi ke biyan albashi, yana zaune taku biyar a bayanka, wani lokacin ko labule babu. A ƙaddara an taso daga Kano da yamma, an riga an makara domin shi aka jira, ana kuma jiransa a Ikoyi, ga cunkoson gadar Third Mainland a gaba. Jirgi ya shigo da gudu, kyaftin ya ba da wuta ya koma sama. Bayan an sauka:

"Kyaftin, lafiya? Na ga mun koma sama."

"Ranka ya daɗe, shigowar ce ba ta zauna ba, na ga gara mu sake."

"To, Allah Ya kyauta. Wancan da muke da shi bara dai bai taɓa yi mana haka ba."

Babu zagi, babu tsawa, amma saƙo ya isa. Kafin dare labari ya kai majalisar direbobi cewa sabon kyaftin ya kasa sauka sai a karo na biyu. A ƙasar da matuƙa masu lasisi ke zaune a gida babu aiki, mutum ba ya bukatar a maimaita masa. Gobe in shigowa ta karkace zai kutsa, in jirgi ya ƙi zama zai danna shi, domin abin da ake auna shi da shi biyu ne: ya sauka a karo ɗaya, kuma kada shayi ya zube. Dukansu biyun suna tura shi wajen kuskure, na farko ya hana shi fasawa, na biyu ya sa shi shawagi yana neman laushi har titi ya ƙare.

A kujerar dama kuma akwai mataimaki, sau da yawa matashi ne mai awa 200 da 'yan kai na tuƙi a sama, wanda iyayensa suka sayar da abin da suka sayar kafin ya samu lasisi. Ƙa'ida ta ba shi ikon cewa a fasa, kuma dole kyaftin ya bi. Amma an tarbiyyantar da shi a kan cewa yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane, ga shi kuma da sa hannun wannan babban zai samu ƙarin girma. Sai ya ga allurar allon gabansa ta wuce inda ya kamata, ya yi gyaran murya, ya yi shiru. Ladabin da ke ƙawata zaure a nan haɗari ne, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba.

Turawa ma ba su tsira ba. A ranar 29 ga Maris 2001 wani jirgin shata ƙirar Gulfstream III ya taso daga Los Angeles zuwa Aspen a jihar Colorado ta Amurka. Fasinjoji sun zo a makare, filin Aspen yana da dokar hana irin wannan sauka da dare, wanda ya yi shatar kuma ya nuna ɓacin ransa da aka ce mai yiwuwa a karkata zuwa wani fili. Matuƙan suka ci gaba da gangarowa cikin duhu da dusar ƙanƙara ba su ga titi sosai ba, suka bugi tudu, duka mutum 18 suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ɗora laifin a kan matuƙan, amma ta rubuta ƙarara cewa matsin lambar mai shatar yana cikin abubuwan da suka taimaka.

A gida, mutane ba su manta da abin da ya faru a garin Kabba na jihar Kogi ba. A ranar 2 ga Fabrairun 2019 jirgi mai saukar ungulu ɗauke da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya zo sauka a busasshen fili, iskar farfelarsa ta tayar da ƙura ta rufe wa matuƙa ido, jirgin ya bugi ƙasa da ƙarfi ya kwanta a gefe. Allah Ya kiyaye, babu wanda ya rasu. Rahoton binciken ya nuna yatsa ga salon saukar da aka zaɓa da rashin bin ƙa'idar da aka tanada domin irin wannan ƙura. Akwai kuma yanayin da maigidan shi ne matuƙin, inda babu ma wanda zai ce masa a'a. Marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba, shi ke tuƙa Cessna 208 da ta faɗi kusa da filin jirgin Yola a ranar 25 ga Oktoban 2012. Hukumar bincike ta ce ba shi da cancantar tuƙa wannan samfurin, kuma ya ci gaba da tafiyar da ake yi da ido bayan rana ta faɗi. Bai sake komawa daidai ba har rasuwarsa a 2017.

Wani zai ce to ashe ba laifin matuƙi ba ne, laifin maigida ne. Ban yarda ba. Dokar sufurin sama ta duniya ta ba kyaftin magana ta ƙarshe a kan jirginsa, ko shugaban ƙasa ya ɗauko. Wanda ya karɓi wannan amana ya kuma kutsa alhali ya ga allura, shi ya yi kuskuren. Abin da nake cewa shi ne rubuta "kuskuren matuƙi" a rufe fayil bai warkar da komai ba, domin za a sallami wannan a ɗauko wani a zaunar da shi a gaban idon nan dai. Sannan akwai tsatsar hannu. Matuƙin kamfani yakan sauka sau uku ko huɗu a yini tsakanin Legas, Abuja da Fatakwal. Jirgin attajiri kuwa yana iya yin makonni a rumfa in maigida yana Dubai ko Landan. Doka ta ce kafin matuƙi ya ɗauki fasinja sai ya kasance ya tashi ya sauka sau 3 a cikin kwana 90 da suka wuce. Wannan mafi ƙaranci ne, ba ya mayar da kowa gwani. Fitar da jirgi don atisaye mai ne da kuɗin sauka, horon na'urar kwaikwayo kuwa galibi a ƙasashen waje ake yi da dala, kuma nan ne wurin farko da ake tsuke aljihu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma yana bayan an kashe inji. Bugun ƙasa ba kullum yake barin alamar da ido zai gani ba. A Cessna 172 ƙafar gaba a jikin bangon da ya raba inji da matuƙi take ɗaure, bugu ɗaya na iya lanƙwasa bangon jirgi kuma ya ci gaba da tafiya kamar lafiya. Farfela in ta taɓa ƙasa, masu ƙera inji irin su Lycoming da Continental sun ce a buɗe injin a duba cikinsa, ko da a waje gefen ne kawai ya ɗan karce, domin tsagewar da ba a gani na iya karya sandar inji wata rana a sama. A jet littafin masu ƙera shi ya tanadi binciken da za a yi: a duba ƙafafu da inda suka haɗu da jiki, gindin fikafikai, maɗaurin inji. Tsohon bakanike yakan zagaya da tocila yana shafa fatar jirgin da tafin hannu yana neman tattara, yana duba kusoshin da baƙin zobe ya kewaye, da man da ke tsatsafowa daga ƙafa, da tayar da ta ci gefe guda.

Sai dai ba zai zagaya ba sai an gaya masa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta wajabta wa jiragen haya masu nauyi sama da kilo 27,000 tsarin bibiyar bayanan kowace tafiya, ta yadda ko kyaftin ya yi shiru kwamfuta za ta tona. Hawker 800 bai kai rabin wannan nauyi ba, Cessna kuwa ba a ma maganarta. A irin waɗannan jirage shaida ɗaya ce, layin da matuƙi zai rubuta a littafin jirgi da hannunsa. Rubuta shi na nufin jirgi zai kwana a rumfa, a jira kayan gyara daga waje, a biya da dala, maigida ya hau jirgin kasuwa ya bi layi da kowa, sannan a tambayi wanda ya jawo. Hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar AIB a 2022, aikinta bincike don rigakafi ne ba don hukunci ba, kuma tana wallafa rahotanninta kowa ya karanta. Amma abin da ya kai gare ta take bincika. Bugun da bai karya komai a fili ba, wanda mutum biyu kaɗai suka san ƙarfinsa, a tsakaninsu yake mutuwa.

Jirgin kuma ba maigida kaɗai ke hawansa ba. Sanannen abu ne a Ikeja cewa wasu jiragen da aka yi wa rajistar amfanin kai ana bayar da su shata ta bayan fage, har a 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da izinin wasu masu jirage saboda haka. Bambancin ba na takarda kawai ba ne. Kamfanin da ke da lasisin ɗaukar fasinja da kuɗi ana binciken horon matuƙansa, awoyin hutunsu da littattafan gyaransa fiye da yadda ake yi wa jirgin gida, kuma dole ya rubuta ƙa'idar fasa sauka a kundinsa. Iyalan da suka haɗa kuɗi don kai maras lafiya Abuja, ko 'yan kasuwar da za su ɗaurin aure Sakkwato su dawo a ranar, ba su da hanyar sanin abin da ƙafafun jirgin suka sha a makon jiya. Abin da suke da iko a kansa shi ne su nemi dillalin ya nuna musu lasisin kamfanin da lambar rajistar jirgin kafin su tura kuɗi, in sun yi shakka su tuntuɓi NCAA ta tabbatar musu.